Sista Kunama da Waɗanda Ba Su Zo Ba

Ba iyayenta ne suka raɗa mata Kunama ba. Mutanen layin ne, kuma ba don ƙauna ba. Wasu sun ce saboda allurarta ce, wai idan ta soka maka sai ka yi kwana uku kana zama a karkace. Wasu suka ce ai allurar da sauƙi, dafin a bakinta yake. Ta san da sunan, bai kuma taɓa hana ta cin abinci ba. Idan yaro ya yi suɓul da baka ya kira ta da shi a gabanta, sai ta ce, "Na'am. Sauke wandon."

Shekara ashirin da uku ta yi a ƙaramin asibitin da ke ƙarshen layi, bayan kasuwa. Ɗaki uku ne da baranda. A na farko take duba marasa lafiya. Na biyu ɗakin magani ne, inda Mai Magani yake gyangyaɗi tsakanin kwalaye. Na uku gado biyu ne da ƙarfen rataye ledar ƙarin ruwa. Likita yana leƙowa Litinin da Alhamis, ya yi awa biyu yana duba agogo, ya tafi. Sauran kwanakin ita ce likita, ita ce ungozoma, ita ce mai faɗa.

Ubanta mai shara ne a babban asibiti. Shekara talatin ya yi yana goge amai da jini a ƙarƙashin takalman likitocin da ba su taɓa tambayar sunansa ba. Shi ya dage ta yi karatun jinya. Abu biyu ta gada a wurinsa: wanke hannu har gwiwa, da rashin tsoron farar riga. Ta auri direban babbar mota, ya mutu a hanya ya bar ta da 'ya ɗaya, wadda ta girma ta yi aure can nesa. Sai ta ɗauko Inna, mahaifiyarta, suka zauna a ɗaki biyu na haya, gida uku tsakaninsu da yayanta. Yaya tela ne, mai sanyin hali, mai ciwon suga, kuma shi kaɗai ya rage a duniya yana kiranta Auta.

Abin da ya fi jawo mata baƙin jini shi ne bibiya. Duk mai hawan jini ko ciwon suga a unguwar yana cikin rijistarta, da ranar da zai dawo karɓar magani. Idan ranar ta wuce ba ka zo ba, za ka gan ta a bakin shagonka, gaban masu ciniki.

"Kai, Mai Kifi! Ina ka shiga ranar Laraba? Ko ka warke ne ba ka faɗa mana ba mu yi murna? Jininka ɗari biyu, kana nan kana washe baki. Ranar da ɓarin jikinka ya shanye, matarka ce za ta riƙa kai ka bayan gida, ba ni ba."

Mutum zai zo, ya karɓi maganin, ya koma yana zaginta a hanya. Amma yana zuwa.

Sai annoba ta shigo. Tari, zazzaɓi, numfashi ya yi sama. Aka rufe kasuwa, aka hana fita. Likitan Litinin da Alhamis ya aiko da saƙo cewa daga yanzu ta waya zai riƙa duba mutane, wayar kuma ba ta shiga. Daga sama aka aiko da takarda: duk wanda aka ga alamun a jikinsa, a kira lamba kaza, za a zo a ɗauke shi a killace. Aka haɗo da kwalin takunkumi ɗaya da safar hannu da ba ta kai mako biyu ba.

Mutum na farko da alamun suka bayyana a jikinsa surukin Yaya ne, mahaifin matarsa, tsoho mai sayar da makullai. An kawo shi a rirriƙe. Ta duba leɓɓansa ta ga sun yi duhu, ta ƙirga numfashinsa, ta san ba ta da abin da za ta yi masa a ɗakin nan mai gado biyu. Ta kira lambar. Mota ta zo da mutane uku sanye da fararen kaya tun daga kai har ƙafa, ba a ganin ko idonsu sosai. Duk layin ya fito kallo. Tsohon yana kiran sunan 'yarsa aka rufe ƙofar motar. Bayan kwana biyar aka bugo waya aka ce ya rasu. Ba a bar kowa ya gan shi ba.

Washegari da hantsi matar Yaya ta zo bakin asibitin. Ba ta hau barandar ba, daga titi ta tsaya, don kowa ya ji.

"Fito, Sista! Fito ki faɗa min inda kika kai ubana! Da ƙafarsa ya shigo wurinki. Mura ce kawai, mura! Kika ɗaga waya kika miƙa shi kamar kayan wanki."

Sista ta fito, takunkumi a fuskarta, hannu a ƙugu.

"Da ƙafarsa? Mutum biyu ne suka riƙo shi, ɗaya ɗanki ne. Kwana shida kuna ɓoye shi a ɗaki kuna ba shi ruwan zafi. Da kin kawo shi rana ta biyu, da wata maganar ake yi."

Gaskiya ce, kuma bai kamata a faɗe ta a ranar ba. Matar Yaya ta dube ta, hawayen ma suka tsaya. Ta ce, "Allah ya isa tsakanina da ke." Ta juya.

Daga ranar bencin baranda ya zama babu kowa. Labari ya zaga cewa Kunama sayar da sunayen mutane take yi, duk wanda ya shiga da ciwon kai zai fito a motar fararen kaya. Mai ruwa ya daina kai musu ruwa gida. Maƙwabciyar da suke shanya tare ta kwance igiyarta ta mayar can bayan ɗaki. Mai gidan haya ya tare Sista daga nesa, hannu a hanci, ya ce matarsa ba ta samun kwanciyar hankali, ko za ta nemi wani wuri kafin abin ya lafa.

"Ka kawo takarda daga kotu," ta ce. "Kotun ma a rufe take. Matsa min."

Wata safiya ta tarar an rubuta MAYANKA da gawayi a bangon asibitin. Mai Magani ya ɗauko tsumma zai goge, ta ce ya bari, aƙalla wani a layin nan ya iya rubutu.

Mako uku ta yi tana zaune tana kallon ƙofa. Don rashin aikin yi ta buɗe rijista ta fara bin shafi. Masu hawan jini da suga ɗari da goma sha huɗu ne. Waɗanda suka zo karɓar magani a watan, tara. Ta sake ƙirgawa, tara ne. Ta san maganin da ta ba kowa, ta san ranar da zai ƙare, kuma duk ranakun sun wuce.

Ta sami sabon littafi mai baƙin bango, ta rubuta a kai: Waɗanda Ba Su Zo Ba. Ta zuba sunayen, ta ɗauki na'urar awon jini da ta awon suga a jaka, ta shiga layi gida gida.

Ba wanda ya ce mata sannu da zuwa. A gidan farko aka ce mai gidan ba ya nan, alhali tana jin muryarsa yana cewa a ce ba ya nan. A na biyu aka watso ruwan wanke-wanke daidai ƙafarta. A na uku wata tsohuwa ta leƙo ta taga ta ce, "Mu ba mu da tari. Je ki gaba."

"Ba tari na zo nema ba, Iya. Miƙo hannun ta tagar in ba kya son ganin fuskata. Ni ma ba kyawun taki ne ya kawo ni ba."

Tsohuwar ta miƙo hannun tana tsaki. Jinin ya yi hawan da Sista ta sake aunawa don ba ta yarda ba.

Haka ta yi ta yi. Inda aka buɗe ta auna ta rubuta, inda aka rufe ta rubuta an rufe. A mako na biyu ta tarar da tsohon malamin makaranta kwance, baki a karkace, kwana huɗu ke nan, iyalinsa sun ƙi kai shi ko'ina don tsoron mota. Mai Kifi kuwa an riga an binne shi. Bai yi tari ko sau ɗaya ba. Faɗuwa ya yi a tsakar gida.

Ana cikin haka aka turo wani likita daga jami'a, wai bincike ake yi a ƙananan asibitoci kan yadda jama'a suka fahimci annobar. Matashi ne siriri, gilashinsa kullum a dushe saboda numfashin da ke fita ta saman takunkumi. Tun ranar farko ta sa masa Mai Gilashi, a gabansa. Ya ajiye mata takardun tambayoyi, tambaya arba'in a kowace, ya ce a riƙa cikewa da marasa lafiyar da suka zo.

Ta dubi barandar da babu kowa, ta dube shi.

"Wanne daga cikinsu za ka fara da shi, Likita? Na dama ko na hagu?"

Ta ɗauki takardar ta karanta da ƙarfi, har Mai Magani ya farka. "Kana da ɗaki na daban da bayan gida na daban idan za ka killace kanka? To! Gidan da na fito yanzu mutum goma sha ɗaya ne a ɗaki biyu, bayan gida ɗaya da gidaje uku. Wanda ya rubuta wannan ya taɓa shiga gidan mutane kuwa?"

"Sista, ba ni na rubuta ba. Kwamiti ne."

"Ka gaida kwamitin."

Ta jawo baƙin littafin ta wurga masa a cinya. Ya cire gilashin ya goge, ya fara karantawa. Ya daɗe. Da ya ɗago sai ya tambaya mutum nawa ne annobar ta kashe a layin. Ta ce uku. Cikin littafin fa? Ta ce bakwai zuwa jiya, biyu kuma sun shanye.

"Wannan shi ne binciken," ya ce a hankali. "Ba wanda yake ƙirga waɗannan."

"Ni ina ƙirgawa."

"Amma ba zan iya fita da shi haka ba. Akwai sunayen mutane, da ciwonsu, da ƙofar gidansu. Kin tambaye su kafin ki rubuta?"

Ta ji kamar ya mare ta. "Mutum yana mutuwa, kai kana neman izini?"

"Me aka rubuta a bangon can waje, Sista? Cewa suke kina miƙa sunayensu. Idan na ɗauki littafin nan na kai jami'a ba da saninsu ba, kin ga sun yi gaskiya ke nan."

Ta ƙwace littafinta ta ce ya fita mata daga ɗaki. Kwana biyu ba ta amsa gaisuwarsa ba. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ta juya maganar ta kowace fuska ba ta sami inda ya yi kuskure ba. A rana ta uku ta ce masa, ba tare da ta kalle shi ba, ya sa takalmin da ba ya tsoron ruwan wanke-wanke.

Wata guda ya ɗauka kafin jami'a ta yarda a sauya tambayoyin, ita kuwa kullum sai ta tambaye shi ko kwamitin ya tashi daga barci. Suka sake bin gidajen tare. Shi yana bayani cewa ba za a sa sunan kowa ba, lamba za a sa, kuma wanda bai so ba ba dole. Ita tana tsaye a bayansa tana cewa, "In ba ka so ka ce ba ka so, kada ka ɓata mana rana." Kusan rabi suka ƙi. Wani mahauci ya biyo su da zagi har bakin titi. Wanda ya ƙi, Mai Gilashi ya sa ta soke shi daga binciken tana huci, amma maganinsa sai ta ajiye masa a bakin ƙofa ta buga da ƙafa ta wuce.

Gida ɗaya ne ba ta shiga ba duk tsawon lokacin, gidan Yaya. Matarsa ta rantse Kunama ba za ta taka mata tsakar gida ba. Sau uku tana ajiye magani a ƙofar, sau uku ana mayar mata da shi ƙofarta ba a buɗe ba. Ita ma zuciya ta ɗebe ta, ta ce su ƙarata. Kusan wata uku ta yi ba ta sa yayanta a ido ba.

Inna ce ta ce mata wata rana da azahar, "Yau kwana goma ban ji ƙarar keken ɗinkin yayanki ba."

Ta ajiye cokali ta fita. Matar Yaya ta tare ƙofa da jikinta, Sista ta ture ta ta wuce. Tun daga tsakar gida warin ya gaya mata komai. Yaya yana kwance, ƙafar dama a naɗe da ƙyallen atamfa. Allurar ɗinki ya taka a shago, bai ji ba, don suga ya daɗe da kashe masa jin tafin ƙafa. Ta kwance ƙyallen. Yatsu uku sun yi baƙi, baƙin ya fara hawa.

"Auta," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa, "idan kika kira motar nan ban yafe miki ba."

"Riƙe yafiyarka, Yaya. Ba ita zan kira ba. Tashi."

"Ba inda za shi!" in ji matarsa daga bakin ƙofa. "Kin kai ɗaya bai dawo ba."

"To bar shi nan ki binne na biyu. Ke kika naɗe wannan? Da ƙyallen guga? Shekara ashirin ina gaya miki yadda ake duba ƙafar mai suga!"

A motar Mai Gilashi suka kai shi babban asibiti. A can aka ce ba za a taɓa shi ba sai sakamakon gwajin annoba ya fito. Kwana biyu yana kwance a wata rumfa a bakin ƙofa. Sista ta zagi mai gadi, ta zagi nas, ta tare wani babban likita a kan matakala ta gaya masa ubanta ya share wannan matakalar shekara talatin kuma ya fi shi amfani. Bai sa an yi sauri ba. Gwajin ya fito babu annoba. Aka yanke ƙafar a ƙasan gwiwa, ƙafar da yake taka keken ɗinki da ita.

Matar Yaya ba ta yi ihu wannan karon ba. A farfajiyar asibitin ta matso kusa ta ce, "Kin cinye min uba, kin yanke min miji. Saura wa?"

Sista ta buɗe baki, amsa tana nan a shirye kamar kullum, mai kaifi. Ta rufe. Da ta koma gida ta faɗa wa Inna, tana jiran a ce ba laifinta ba ne. Inna ta ce, "Ke dai tun kina ƙarama ba ki iya magana ba. Da kin je kin ba ta haƙuri ranar da ubanta ya mutu, da ƙofar nan a buɗe take."

Washegari Sista ta buɗe baƙin littafin ta cike layin sunan Yaya da hannunta: wata biyu babu magani, an yanke ƙafa. A gurbin dalili ta tsaya da biro a sama, sannan ta rubuta, tsoron asibiti. Ba ta ƙara komai ba.

Binciken ya bazu zuwa ƙananan asibitoci goma sha ɗaya, ko'ina kuma labarin ɗaya ne. Kafin shekara ta ƙare aka sauya tsari: a riƙa ba masu hawan jini da suga maganin wata uku a lokaci guda, a kai wa wanda ba zai iya zuwa ba, a ware musu safiya tasu daban da masu tari. Mai Gilashi ya kawo mata rahoton da kansa. Sunayen likitoci bakwai ne a sama, biyar ba su taɓa taka layin ba. A can ƙasa, da ƙananan haruffa, an gode wa ma'aikatan asibitocin.

"Na yi faɗa a kai, Sista," ya ce, yana goge gilashin da ba ya buƙatar gogewa. "Shugaban kwamitin ya ce ba ki da digiri."

"Shi yana da shi?"

"Uku."

"To ya zo da su ya buga ƙofar mahaucin nan mu gani." Ta miƙa masa rahoton. "Ɗauki abinka. Naka sunan ka yi aikinsa, na gani. Sauran ka ce musu na ce ɓarayi ne. Ka faɗa da sunana, tunda a nan dai ba sa buƙatar digiri."

Annoba ta lafa, kasuwa ta buɗe, benci ya sake cika. Ba wanda ya zo ya ce mun zalunce ki. Waɗanda suka watsa mata ruwa su ne suke miƙa mata hannu a auna, suna ƙorafin ta matse da yawa. Yaya ya koyi ɗinki da keken hannu. Duk wata uku yana zuwa da sandunansa biyu, ya ajiye kati a tebur, ta auna shi, ta yi masa faɗan shayi mai zaƙi, ya ce, "Na ji, Sista." Bai sake kiranta Auta ba. Matarsa takan rako shi, ta tsaya a titi ta ba asibitin baya har ya fito. Ko ranar da Inna ta rasu, gefe guda ta zauna, ta yi wa kowa gaisuwa ban da mutum ɗaya.

Bayan shekara biyu Sista ta yi ritaya. Aka kawo sabuwar nas mai fara'a, mai cewa sannu Baba, sannu Mama, wadda ba ta bin kowa shago. Layin ya ƙaunace ta nan take. Ranar da Sista ta kwashe kayanta, Mai Magani ne kaɗai ya rako ta bakin titi, yana riƙe mata jaka. Ya yi ta neman abin faɗa, daga ƙarshe ya ce wurin zai yi shiru.

"Sai ka samu ka yi barcinka da kyau," ta ce. Ta karɓi jakar. "Kuma maganin tarin yaran da ke kan kanta ta sama, ƙarshen watan nan yake lalacewa. Ka sauke shi yau. Na san ka, in na bar maka sai gobe, sai ka ba ɗan wani."